Ba Wannan Faifan Take Nufi Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina riƙe da kofin koko waya ta shigo daga Wudil, wai Yaya Dije ta cika.

An yi mata sutura kafin azahar. Yanzu na dawo gida Kano, ko mayafi ban cire ba, kuma wallahi ban san wanda ya fi cika mini ƙirji ba tsakanin baƙin ciki da takaici.

Masu bina a nan kun san ni, tsohuwar malamar firamare mai surutu. Yau sai kun yi haƙuri, zan yi tsawo, kuma zan yi faɗa.

Ni da Yaya Dije ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nasu, ta kuma ba ni shekara biyar. A shekarun alif ɗari tara da hamsin da wani abu, Turawa ba su tafi ba tukuna, babanta direban babbar mota ne, shi ya fara shigo da garmaho unguwarmu a Wudil.

Don yaran yanzu: garmaho akwati ne mai hannu a gefe. A wana shi, a ɗora masa baƙin faifai, a sauke allura, sai waƙa ta fito. Ba wuta, ba batir. Faifan kuwa in ya faɗi ƙasa ya gama yawo, yadda kasko yake fashewa.

Uban yana hanya kullum, don haka garmahon ya zama na Yaya. Bayan la'asar za ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, mu 'yan matan unguwa mu kewaye ta. Ba ta yarda rana ta taɓa faifai, ta ce lanƙwashewa yake. Ba ta yi boko ba, ba ta iya karanta takardar da ke manne a tsakiyarsu, sai ta riƙa ɗiga musu lalle. Wannan mai ɗigo ɗaya, wancan mai biyu, wani ta ja masa layi. Ko a duhun ɗaki ba ta taɓa ɗauko wani a maimakon wani ba.

Ni a lokacin ina 'yar shekara goma sha biyu, ba abin da nake so sai na Indiya da na mutanen kudu masu bushe-bushe. Kalma ɗaya ba na ji, amma in ka ga yadda nake karya wuya ina bi, ka rantse a can aka yanke mini cibiya.

Akwai guda ɗaya da na tsana. Mai ɗigo uku.

Muryar Babana ce a ciki.

Baba manomi ne, asalinsa mutumin Dagumawa, kuma mawaƙin noma. In za a yi gayya, daga Dagumawa har Lajawa shi ake aika wa, ya rataya gangarsa ya bi bayan masu garma yana zuga su. Wata shekara wasu mutane suka tafi da shi birni, suka tsayar da shi gaban wani inji, ya yi musu waƙa biyu. Ya dawo, kowa ya manta. Bayan wata da watanni baban Yaya ya ci karo da faifan a wani kanti a Kano, ya sayo.

Sau ɗaya Baba ya saurara. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan mutumin na cikin akwati gaggawa ta yi masa yawa, ko kunyar gona ɗaya ba za a kai ƙarshenta da wannan saurin ba. Damina uku bayan nan ya rasu. Ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba. Abin da ya rage nasa a duniya ke nan, waƙa biyu, gaba da baya.

Amma ni kunya nake ji. Da ta ɗora shi sai yara su fara nuna ni, 'yar mai ganga, 'yar mai ganga. In tashi in zumɓura baki in ce a cire mana waƙar ƙauye. Yaya ba ta cirewa. Sai ta dube ni ta ce, "Kunnenki ɗanye ne, Asabe. Bar shi ya nuna."

Wata rana haushi ya ɗebe ni, na kai hannu na figo na Indiya don in canza da kaina. Ya suɓuce, ya rabu uku. Shi ne wanda ta fi so a duk akwatin da take tara fayafayan.

Ba ta dake ni ba, gara ma a ce ta daka. Ta tsince gutsattsarin ta ƙulle a gefen zani, ta ce mini daga yau ba ni ba taɓa faifanta, sai ranar da ta ga tafiyarta ta zo, ranar za ta ba ni duka. Muka ɗauka faɗan yara ne. Mata, shekara kusan saba'in matar nan tana riƙe da maganarta.

Kunnen nawa bai nuna da wuri ba. Na yi yayin na Sudan da alhazai suke dawowa da su, na yi yayin abin da rediyo ta sa mana, na yi yayin kaset har ɗaki ya cika. Sai da na haihu biyu, aka tura ni koyarwa wani ƙauye, wata safiya da damina na jiyo ganga daga gona. Ba ma Baba ba ne, wani ne can da muryarsa ba ta kai rabin tasa ba. Na tsaya a bakin aji da alli a hannu, hawaye na zuba, yara suna kallona.

Ranar Juma'a na hau mota sai Wudil. Muka gaisa, na ce Yaya, ɗora mini mai ɗigo uku.

Da wata ce, da sai ta ce ai na gaya miki. Ita kam ba haka ba. Ta buɗe ɗan gwangwanin allurarta, ta zaɓo sabuwa fil, alhali a lokacin allura ta yi wuya har wasa tsofaffin take a dutse. Sau huɗu ta juya mini shi. Da na gama kukana ta zubo mini dambu.

Tun daga ranar, duk zuwan da zan yi, da mun gama gaisuwa sai ta jawo akwatin. Ita ke wanawa, ita ke ɗorawa, ni nawa zama da hannuwa a cinya. Ina da jikoki, ina da furfura, amma in na matsa kusa sai ta ce ja da baya, mai hannun rariya.

Mun taɓa naɗar sa a kaset, rediyo ta cinye zaren. Shekara goma da suka wuce sifirin ɗin da ake wanawa a cikin garmahon ya tsinke. Kullum ina cewa zan nemo mai gyara, zan kawo wanda zai juye mana shi a waya. Gobe, jibi, bayan salla. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Ganinmu na ƙarshe bayan ƙaramar salla ne, a ɗakinta a Sabon Garin Wudil. Ta rame. Rediyonta tana karatun Alƙur'ani a hankali, ta ce mini yanzu kunnenta ba ya karɓar komai sai karatu da bege. Na ce to ashe naki ya wuce nuna, ya fara bushewa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta sa aka jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ta zaro mai ɗigo uku, ta goge shi da gefen mayafinta. Na miƙa hannu, don na ga jikinta ba ƙarfi. Ta buge mini yatsu.

"Tukuna," in ji ta.

To ga inda takaicin yake.

Sati uku da suka wuce jikarta Nusaiba ta zo mini nan Kano da ƙunshi a leda. Ta ce an kwantar da Kaka asibiti amma da sauƙi, kuma ta ba da saƙo, ta ce a kai wa Asabe fayafayanta. Na kwance leda. Fayafayan kaba ne, na rufe ƙwarya, masu ja da kore, waɗanda Yaya ta jera a bangon ɗakinta. Goma sha biyu cif.

Na yi dariya. Na ce tsohuwar nan ko a gadon asibiti ba za ta bar tsokanata ba. Na ce wa yarinyar ta gaya mata na gode, in ta warke ina nan zuwa in rama. Gwiwata tana damuna a satin, ban je ba.

Yau bayan an fita da ita na shiga ɗakin. An yi sabon fenti, an shimfiɗa sabuwar leda. Na leƙa ƙarƙashin gado, wayam. Na tambayi ina akwatin Yaya. Ɗaki cike da mata, kowa ya sunkuyar da kai.

Da ƙyar surukarta ta buɗe baki. Wai gyara suka yi mata don in an sallamo ta ta tarar da ɗaki tsaf. Wai akwatin ya yi tsatsa, kyankyasai sun yi gida a ciki. Mai jari-bola ya zo wucewa, suka ba shi akwatin da garmahon, ya ba su bokiti biyu da baho ɗaya na roba. Baƙaƙen abubuwan na ciki kuma ya zazzage su a ƙofar gida, ya ce ba ƙarfe ba ne. Yaran unguwa suka yi ta gara su a layi har suka farfashe, aka share aka kai bola.

Bokiti biyu da baho!

Matar tana da rai, tana kwance tana numfashi, aka shiga ɗakinta aka yanke hukunci a kan abin da ta yi shekara saba'in tana kare shi daga rana da ɓera da hannuna. Ba wanda ya ce bari mu tambaye ta. Ba wanda ya ɗaga waya ya kira ni. Tun yaushe tsatsa ta zama dalilin zubar da kayan mutum? Mu ma ai mun yi tsatsar, sai ku haɗa da mu.

Na juya kan Nusaiba. Ni da ita wasan jika da kaka muke, kishiyata nake ce mata, amma yau ban ga fuskar wasa ba. Tana kuka ta ce, "Wallahi Kaka ban san su ma faifai ake ce musu ba."

Yarinya da digirinta. Kullum kuna nan kuna cewa an saki faifan bidiyo, ku tura mini faifan murya, ba ranar da ɗayanku ya tsaya ya ce wai wannan faifan daga ina ya samo suna. Kun ɗauka da waya aka haife shi.

Na yi faɗa a gidan rasuwa, abin da ban taɓa yi ba, Allah ya yafe mini. Sai da wata dattijuwa ta kama hannuna ta zaunar da ni.

Da na zauna ne abin ya dawo kaina. Ita yarinya faifai ɗaya ta sani. Ni na san biyun. Ni na san abin da Yaya ta ce za ta yi ranar da ta ga tafiyarta ta zo. Sallama ta aiko mini da ita ƙarara, ni da na yi shekara talatin da biyar ina koya wa 'ya'yan mutane Hausa, na karɓa na yi dariya na rataye a kicin. Sati uku tana kwance, wataƙila tana sauraren shigowata. Wannan ya fi mini bokitin ciwo.

Da zan taho ƙishirwa ta kama ni, na nufi randar da ke tsakar gida. Na kai hannu zan ɗaga murfi, sai na ji nauyinsa ba na murfi ba ne.

Baƙin faifai ne. Guda ɗaya ya tsira, don surukar ta ga ya yi daidai da bakin randa.

Ruwa ya jiƙa takardar tsakiyar ta saɓule, ba rubutu, ba lalle. Gefe ɗaya ya ɗan ɓantare. Na juya shi a rana, na juya, ba yadda za a yi ido ya gane abin da ke ciki. Sun fi talatin a akwatin nan. Zai iya zama na Indiya, zai iya zama na Sudan. Zai iya zama Baba.

Na naɗe shi a zani na rungumo shi har Kano. Ga shi nan a gabana.

Don haka roƙona biyu ne. Na farko, duk wanda ya san inda garmaho mai aiki yake, da allurarsa, ko a ɗakin kakarka ne ko a shagon wani tsohon mai gyaran rediyo, don Allah ka yi mini magana. Ko ina ne zan zo da ƙafata, da gwiwar da komai. In Baba ne a ciki, alhamdulillahi. In kuma wata Ba'indiya ce, zan zauna in saurare ta har ta kai aya, tunda hannun Yaya ya goge ta.

Kuma kada wanda ya zagar mini Nusaiba a ƙasan rubutun nan. Faɗan nawa ne, na riga na yi. Yarinyar tun safe ko ruwa ba ta sha ba.

Na biyu, addu'a. Allah ya jiƙan Yaya Dije, ya haskaka makwancinta, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ya ba ta Aljanna Firdausi. Allah ya yafe mini rashin zuwana. Duk wanda ya karanta har nan, kada ka danna alama kawai ka wuce, ka tsaya ka yi mata ƙulhuwallahu ƙafa uku.

Ku haɗa da Babana. Garba sunansa.