Wutar da Ke Ƙarƙashin Akwatin Sanyi

Bana shekara talatin da huɗu ke nan da rasuwar maigidana. Sunansa na yanka bakina bai taɓa kama shi ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu ba. Mutanen Kalgo Mai Lagwani suke ce masa, da wannan za mu tafi. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. In kun ji magana ta yi kwana, ku biyo ni a hankali, inda za ni ba nisa.

Abin da ya tayar mini da zancensa shi ne ɗanmu na fari. Shi ma yanzu ya tsufa, ƙirjinsa ya gaji, likita ya haɗa shi da wata na'ura mai ba shi iska ta hanci. Da lantarki take aiki. In an ɗauke wuta sai ta yi ɗan kuka ta yi tsit, kowa a gidan ya shiga kallon kowa. Can sai ka ji wani ya ce, "Yanzu za su maido." Wa ya gaya masa? Ya gan su? Ni duk wanda ya ce mini yanzu za a maido, ido nake zuba masa har sai ya sunkuyar da kai. Wannan hali a wurin Mai Lagwani na koye shi, kuma ban koye shi da daɗi ba.

Can dauri, Turawa ba su kai ga tafiya ba, aka kawo ni Kalgo daga Maruda ta ƙasar Gwandu, ina amarya. Maigidana yana aiki a wani ɗan ɗakin shan magani, shi ke shara, shi ke ɗebo ruwa. Amma babban aikinsa wani farin akwati ne da aka girke a ƙuryar ɗaki, wanda yanzu kuke ce wa firij. Lantarki kuwa a lokacin ko sunansa ba mu sani ba. A ƙarƙashin akwatin akwai tankin kananzir da lagwani da ɗan gilashi, wuta na ci dare da rana. Kullum sai ya datse lagwanin, ya duba harshen wutar ya ga shuɗi ne ba ja ba. Daga nan sunan ya bi shi.

A cikin akwatin nan ran Goggo Dije yake. Goggo Dije mai sayar da nono ce daga Wurogauri, ciwon suga ya kama ta, ta rame ta zama kamar kara. Likita a Birnin Kebbi ya ce allura za a riƙa yi mata kowace safiya, kuma ruwan allurar ba ya son zafi ko kaɗan. Sai ta bar shanunta da 'ya'yanta, ta tare a gidanmu don ta kusanci akwatin. Ni da ba ni da kowa a garin, ta zame mini uwa. In na tuƙa tuwo sai ta taɓa shi ta ce, "Ɗiyata, wanga tuwo ci za mu yi ko gini?" In na ɓata rai ta yi ta dariya har da tari.

Aka shiga bazara. Ku da kuka tashi ƙarƙashin kwano ba ku san tsoron da muke yi wa wuta ba. Gari duk jinka ne da darni, ga iska, ga rana. Mai shela yakan zaga yana cewa kada a bar wuta a ɗakin da ba kowa. Inna kuwa tun ina ƙarama ta sa mini a kai: duk wutar da kika gani ba mai ita, kashe ta kafin ki yi tambaya.

Ran nan na kai wa maigidana abincin rana. Malamin asibiti, mai yi wa Goggo allura, ya tafi gida, maigidana kuma ya tafi masallaci sallar azahar. Na tura ƙyaure na ajiye akushi, sai idona ya kai ƙurya. Wuta tana ci ita kaɗai, a ƙarƙashin maganin Goggo, maganin da aka ce ba ya son zafi. Na ce a raina, Malam ya yi mantuwa. Na durƙusa, na ɗaga gilashin, na hure ta. Na koma gida raina fari, ina ganin na ceci Goggo, na kuma rufa wa mijina asiri. Ban faɗa masa ba. Amaryar wancan zamani ba ta duban miji ta ce ya yi sakaci.

Shi kuwa ba dawowa ɗakin yake ba sai bayan la'asar, in ya gama jigilar ruwa. Ya tarar da akwati ya yi ɗumi. Shi da malamin asibiti suka ƙulla cewa ba za su faɗa wa kowa abin da ake yi ba, don su kama mai yi. Abin da kawai ya fito waje shi ne, wai ana sa wa maganin Goggo Dije hannu.

Nan fa zargi ya tashi. Aka ce mai gadin kasuwa ne yana tsiyayar kananzir. Aka ce aljanun tsamiyar bayan ɗakin ne ba su son baƙon abu. Daga ƙarshe baki ya haɗu a kan wanzamin unguwarmu, Ɗan Ige, domin ya taɓa cewa a bainar jama'a, maganin da ke tsoron rana ba zai warkar da wadda ta girma a cikin rana ba. Maza suka daina kai masa kai. Ni da kaina na haɗu da matarsa a bakin rijiya, ta gaishe ni, na kau da fuska. Ina zarginsu, ina kuma hure wutar duk ranar da na same ta ba kowa. Mai kawo tuwo kuwa ba wanda ya kawo ta a ransa.

Goggo ta fara shan ruwa kamar ana zubawa a rairayi. Tururuwa suka koma bin inda take tsugunno. Ana yi mata allura, allurar ba ta kamawa. Ta daina tsokanar tuwona, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Maigidana bai yarda da zancen aljanu ba, bai kuma gama yarda da na wanzami ba. Ba ya yarda da abin da idonsa bai gani ba. Sai ya tankaɗe toka mai laushi ya baza a gindin akwatin kawai, can inda ba mai dalilin zuwa. Da yamma ya shigo gida, Goggo na kwance a ɗaka, ya zauna a bakin turmi.

"Ke, miƙo ƙafarki ta hagu."

Na miƙa ina jin kunya. Ya dubi ɗan yatsana da ya karkace tun ina yarinya, ya daɗe yana dubansa. Ashe sawunsa ya fito a tokar.

"Mi wutar ta yi miki?"

"Wace wuta, Malam?"

"Ta ƙarƙashin akwati."

"Ai mantawa kake yi da ita. Ga zafi, ga maganin Goggo a bisa. Shi ne nake kashe maka."

"Sau nawa?"

"Huɗu."

Ya dafe kai. Na ɗauka faɗa zai yi, sai na ji muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Wagga wuta ita ce sanyin. In ta mutu, sanyi ya mutu." Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Washegari ya ɗauki laifin a kansa gaban malamin asibiti, ya ce ya tsare wuta daga mugu, bai tsare ta daga mai nufin alheri ba. Bai kama sunana ba, a ranar ko bayanta. Ranar kasuwa ya je ya zauna gaban Ɗan Ige, kansa bai fi kwana uku da aski ba. Ɗan Ige ya ce, "Mi zan aske, Mai Lagwani, tunani?" Ya ce, "Aske dai, kowa shi gani." Aka gani kuwa. Daga nan ya kira matan unguwa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sa hannu a cikin akwati, ta durƙusa ta ga wutar, ya gaya mata abin da ke tsakanin wutar da sanyin. Ya kuma binne randa a jiƙaƙƙen yashi a inuwa, don ranar da kananzir zai yanke a sami inda za a sa kwalabe.

Goggo Dije aka ɗauke ta a mota zuwa Birnin Kebbi, aka sako sabon magani. Ta dawo da ranta, amma idonta ya dushe. An ce ciwon da kansa yana cin ido. Mai yiwuwa ne. Ni dai har yau ban yarda da wannan rarrashin ba.

Shi ya sa in an ɗauke wuta yanzu nakan ce, da Mai Lagwani zai leƙo, mi zai ce? Ba zai yi mamakin na'ura ba. Tambaya zai yi: da rana tsaka wa ke gida? An gaya mata? Na duba gidanmu na ga janareta a kulle, makulli a aljihun jikana, shi kuwa yana shagonsa a Birnin Kebbi. Matan gidan ba wadda aka taɓa nuna wa inda ake ja. Na tara su, na sa aka kawo makulli aka rataye a ƙusa, kowace ta ja igiyar har ya tashi, wadda ta kasa ta sake. Na aika wa maƙwabcinmu mai sola cewa ran ɗana yana wuyansa in namu ya ƙi. Har yanzu in an ce mini akwai mai a cikin janareta, sai an tsoma kara na ga ya jiƙe.

Masu ɗauke wuta kuma ina da tambaya gare su. Kun san gidajen da numfashin mutum ke rataye da igiyarku? Mai Lagwani ba ya karatu, amma duk wanda maganinsa ke cikin akwatin nan ya san sunansa da ƙauyensu. In ba ku sani ba, ku tambaya. In kun sani kuke ɗaukewa ba sanarwa, to wannan wata magana ce, da ni da ku sai a gaban Allah.

Bai bar gona mai yawa ba, akwatin ma an daɗe da jefar da shi. Abin da ya bari shi ne rashin sakin jiki da abin da ran wani ya dogara a kai, da kuma baki mai iya riƙe asiri har kabari. Allah Ya sanyaya makwancinsa. Goggo Dije ta ƙara damina uku a gidanmu, ni ke riƙe hannunta kowace safiya zuwa wurin allura. Sau da yawa na buɗe baki in gaya mata, sai ta riga ni da wata tsokana. Ranar da za ta cika ta lalubo fuskata ta ce ba ta taɓa samun ɗiya mai kula irina ba, ta sa mini albarka. Na amsa da amin. Duk abin da na ɗauka a duniya, ba wanda ya kai wannan albarkar nauyi.