Ranar da Kwamfuta Ta Ce Kowa Ya Ƙoshi

Har gobe ba na mantawa da ranar da kwamfuta ta yanke hukunci cewa babu mai jin yunwa a kwalejinmu. Ku da kuka zo aiki yanzu kun tarar da komai a waya, shi ya sa nake so ku ji yadda aka faro.

Lokacin ana tsakiyar maganar shari'a, manoman wajen Kiyawa da Aujara suka fara kawo zakkar hatsi makarantar, a nan gefen Dutse, don ɗalibai marasa ƙarfi. Ni matar gida ce, amma da yake na gama sakandare, sai aka ɗauke ni mai awo a rumbun. Malam Sabo kuwa, malamin lissafi, shi ya tsara wa rumbun kwamfuta. Ɗalibi zai zauna ya buga lambarsa, ta tambaye shi: "Kana bukatar abinci?" In ya danna "E", takarda ta fito, ya kawo mini, in auna masa gero kwano biyu da wake.

Mako uku ana tayar da janareto, takarda ko ɗaya ba ta fito ba. Kowa "A'a". Ina zaune a kan buhu ina korar ɓeraye. Rahoto ya je wa Shugaban makaranta, ya ce to madalla, ran Litinin a kwashe hatsin a kai wani wuri, a rufe rumbun.

Ni kuwa ina da ido. Akwai wata ɗaliba, Dije, 'yar gidan makiyaya, da nake gani a masallacin mata. In ta ɗago daga ruku'u sai ta dafa bango. Na ga lokacin da ta danna "A'a".

Na sami Malam Sabo na ce, "Malam, kwamfutarka ba ta da tarbiyya."

Ya cire tabarau. "Hajiya, ita fa ba ta ƙarya."

"Ba ta ƙarya, amma ba ta taɓa yin baƙo ba. In ka je gidan surukanka aka ce ga abinci, me kake cewa?"

"Na ƙoshi."

"Ka ƙoshin?"

Ya ce, "Wani lokacin tun safe."

Na ce to haka ake yi: sau ɗaya ba tayi ba ne, sai an nace. Kuma a ƙarshe a tambayi mutum me ya ci. Wanda ya ci zai faɗa maka har da miyar. Wanda bai ci ba, ba zai yi ƙarya ba, ba kuma zai tona asirinsa ba, "Alhamdulillahi" kawai zai ce.

Muka wuni muna koya wa na'ura kara. Ina faɗa yana bugawa. In an danna "A'a", ta ce, "Haba, ko kaɗan ne." In an sake, ta ce, "Don Allah kada ka ba ni kunya." Malam ya ce a iya karatunsa bai taɓa jin kwamfuta ta yi magiya ba. Na ce yau ta fara.

Ran Litinin motar kwasar hatsi ta iso, Shugaba na biye. Na ce, "Ranka ya daɗe, a gwada ta sau ɗaya kafin a loda." Ya zauna da babbar rigarsa ya danna "A'a". Ta nace. Ya danna da ƙarfi. Ta roƙe shi. Ya waiwayo ya ce, "Sabo, wannan kakata ka saka a ciki?" Da ta tambaye shi me ya ci, ya ga ba girmansa ba ne ya yi wa akwati bayanin kumallo, ya buga "Alhamdulillahi".

Sai ga takarda: ƙiiit. Gero kwano biyu da wake.

Direba ya juya baya yana ɓoye dariya. Ni kuma, tunda tsari tsari ne, na ɗauki kwano na ce, "Ranka ya daɗe, ina buhunka?"

Shugaba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ni ma da nake ɗalibi, 'A'a' zan danna." Ya sallami motar ba kaya.

Dije ta zo bayan la'asar. Ta ƙi sau uku cif, kamar yadda aka rene ta. Takarda ta fito, ta miƙo mini tana kallon ƙasa ta ce, "Inna, wallahi na ce mata a'a. Ita ce ta matsa."

Na ce, "Na sani, 'yata. Haka take, ba ta jin magana. Buɗe jakar."

Abin da na koya ke nan, kuma ku riƙe shi duk na'urar da aka kawo muku. Ba hatsi kaɗai ake aunawa a wannan aiki ba. Mai yunwa a wajenmu zai karɓa, amma sai kun bar shi ya tafi da "a'a" ɗinsa.