Inna Ta Daina Tura Ƙofa

Shekara ashirin da takwas Inna ta yi tana goge ɗakunan wani asibiti, ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba. Wa ke sa mai shara neman izini? Sallama ɗaya, ta tura ƙofa da ƙugu, bokiti a hannu. Babban likita ma ɗaga ƙafa yake ta goge ƙarƙashin teburinsa, bai fasa rubutu ba. Da bokitin nan ɗanta tilo ya yi karatu.

Da gwiwarta ta ƙi, ɗan ya dawo da ita gidansa, a benen da nake haya. A ɗaki yake aiki, yana taro da mutanen da ba a gani sai a allon kwamfuta. Hali zanen dutse, ƙarfe goma na yi Inna za ta faɗa ɗakin da tsintsiya, ta ce, "Ɗaga ƙafa, Babana."

Wata rana ya yi wa mutanen allon magana da Turanci, suka kwashe da dariya. Inna ta riƙe kalmar, ta sauko wurina, tunda ni malamar makaranta ce.

"Malama, mene ne baj in?"

Ni da shegen son koyarwa, ban tambayi inda ta ji ba. "Kutse ne, Inna. Mutum ya faɗo inda ba a gayyace shi ba, ba a kuma son ganinsa. Kamar akuya ta shiga kanti."

Har da misali, Allah ya yafe mini.

"Au," ta ce. "Ashe."

Tun daga ranar ta jingine tsintsiya. Ta samu kujera a bakin ƙofarsa, sai ya buɗe take magana. Raina na ɓaci in na gan ta, amma ɗan sai murna yake wai Inna ta waye.

Ran nan da hantsi aka bugo mata waya ƙanwarta ta rasu, za a fita da ita da azahar. Tafiyar awa biyu ce a motarsa. Ta sa mayafi, ta riƙe takalmanta, ta zauna a kujerar tana jiyo dariyarsa.

Sai bayan azahar ya buɗe, ta faɗa masa rasuwar.

"Haba Inna! Me ya hana ki shigowa?"

"Na ji kana da mutane, Babana."