Ranar da Na Buɗe Kyamarar Mai Hoto

Matar cikin gilashi ce ta fara tsayar da ni. Ina dawowa daga makarantar firamaren da nake koyarwa a Dutse, na biyo ta gaban shagon mai hoto, sai na ga allon gilashin da yake ratayewa a bakin ƙofa ya canja. Da can cike yake da 'yan mata, wata ta rungume furen roba, wata ta kara kan tarho a kunne alhali babu igiya a jikinsa. To shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, sai ya kwashe su duka, ya jera dattawa masu rawani da ma'aikatan sakatariya masu biro a aljihu. Mace ɗaya tak ya bari, can ƙasa a kusurwa. Mayafinta ya zame zuwa tsakiyar kai, tana murmushi kamar yanzu aka raɗa mata wata magana.

Na tsaya ina kallonta har wani ɗan acaɓa ya danna mini oda. Na tafi gida ina tambayar kaina: wace ce ita, kuma ta san tana rataye a bakin titi?

A lokacin nan babu abin da na iya kamar karatun littattafan soyayya. Na haya nake karɓowa, in karanta a aji cikin rajistar yara, in karanta ina tuƙin tuwo har ya kama. A cikinsu na san duniya, kuma a duniyar nan tasu duk namijin da ya cika fara'a akwai abin da yake ɓoyewa. Har na kai ga rubuta nawa, ya cinye littattafan rubutu huɗu. Wani mai ɗab'i a Kano ya karɓa, sannan ya aiko cewa yana son hotona na bangon baya, mai kala, daga kafaɗa zuwa sama, kafin ƙarshen wata.

A gidan yayana nake zaune, shi ya ɗauko ni daga Miga da na samu aiki. Bai san da maganar littafi ba. Kullum ta gaban shagon nan yake wucewa zuwa ofis, kuma majalisar abokansa tana ƙarƙashin darbejiyar da ke kallon shagon. Idan hotona ya shiga gilashin nan ko na wuni guda ne, na san kafin Magariba an haɗa mini kayana zuwa Miga, koyarwa ta ƙare, littafi ya ƙare. Kuma a duk unguwar mai hoton nan kaɗai ke ɗaukar mai kala.

Matar yayana kawai na gaya wa. Anti nake ce mata, ita kuma tun daga ranar ta laƙaba mini Marubuciya.

"To ke Marubuciya, ban gane ba," in ji ta tana tsince shinkafa. "Hoton da za a buga a bayan littafi duniya ta gani, shi kike tsoron a gani a gilashi?"

"Anti, littafi mata ne ke karantawa a ƙuryar ɗaki. Yaya ya taɓa juya bayan littafin soyayya?"

"Ko gabansa ma bai taɓa kallo ba."

"To kin gani. Gilashi kuwa na 'yan acaɓa ne."

Ta yi dariya ta ce za ta raka ni, amma da sharaɗin in sa ta a littafi na gaba, in ba ta miji mai mota.

Kwana uku na yi ina shiri. Anti ta taɓa ɗaukar hoton katin kwaleji, don haka ita ce malamata. Ta hana ni shafa basilin, wai hasken kyamara zai mai da goshina kamar kaskon suyar ƙosai. Ta hana ni hoda mai yawa, wai zan fito kamar wadda ta faɗa buhun fulawa. Farin mayafina ma ta ƙwace, ta ce idan labulen bayana fari ne kai kawai za a gani yana shawagi babu jiki. Ta ara mini nata ruwan toka mai ƙananan duwatsu a baki, ta goge shi da dutsen guga na gawayi, ta rataye a bayan ƙofa ta hana kowa taɓawa. Ni kuwa na kulle kaina da madubi. Na gwada tagumi da biro a hannu. Na gwada kallon nesa irin na wadda masoyinta ya tafi karatu ƙasar waje. Na gwada murmushin da ba a ganin haƙori. Duk wanda na gwada sai matar cikin gilashi ta faɗo mini, in ce a raina ita ma haka ta yi ta gwadawa, ba ta san inda za ta ƙare ba.

Ranar Alhamis muka je, bayan an tashi daga makaranta, lokacin da majalisar darbejiya ba ta zauna ba. Shagon ɗan ƙarami ne, da labule shuɗi a bango, da kujerar katako marar jingina, da kyamara a kan ƙafafunta uku. Mai hoton siriri ne, ya ɗan manyanta, yana da fara'a ƙwarai. Fara'ar nan ita ta fara ɓata shi a wurina.

"Sannunku da zuwa, Hajiya. Malama, na aiki ne ko na makaranta?"

"Na bayan littafi ne, kafin ƙarshen wata ake so," Anti ta riga ni, na harare ta.

"Masha Allah! Ashe marubuciya ce a garin namu. Wane irin littafi?"

"Na lissafi," na ce.

Ya zaunar da ni. Ya ce in juya kafaɗa wajen ƙofa, fuska kuma wajensa. Ya ce in ɗan sauke haɓa, in miƙe baya kamar an ja ni da zare ta tsakiyar kai. Biron da na riƙe ya ce in ajiye, hannu ba zai fito ba. Duk wannan bai matso kusa da ni ba, da baki yake yi, amma ni kowace kalma sai na juya ta na duba ƙarƙashinta.

"Hajiya, don Allah ɗan ja mata mayafin baya kaɗan, ya yi wa idonta inuwa."

Na ce a raina ga shi nan, ta nan aka fara da waccan ta cikin gilashi. Na cafke mayafin a ƙarƙashin haɓa na ce a bar shi yadda yake.

"Shi ke nan, Malama, sai ki ɗago kaɗan. Kalli ƙusar nan ta bango. Saki fuska mana, ai ba kotu aka kawo ki ba."

Haske ya walƙa. Zan tashi ya ce in dakata, na ƙifta ido. Ya sake. Ya ce a ƙara ɗaya saboda tsaro. Sau uku ke nan, ni kuwa ɗaya na zo ɗauka. Nan take na raba su a zuciyata: ɗaya nawa, ɗaya na gilashi, ɗaya na aljihunsa.

"Malam, ba ni fim ɗina in tafi da shi."

"A'a, Malama, ba haka ake yi ba. Fim guda ne ke ɗaukar mutum talatin da shida, saura uku ya cika. In ya cika in kai Kano a wanke, don mai kala ba a wanke shi a nan. In ya dawo sai in yanke naki in ba ki."

"Wato sai ya je Kano tukuna."

"Sai ya je."

Kano! A littattafan da na karanta babu abin da ke zuwa Kano ya dawo yadda ya tafi.

Ana cikin haka aka kira La'asar a masallacin da ke bayan shagon. Ya ce mu zauna mu huta, yanzu zai dawo ya rubuta mini takardar karɓa. Ya saka takalmi ya fita, ya bar mu da kyamarar.

Har yau ina iya jin yadda shagon ya yi tsit. A zatona fuskokin mutane suna nan jere a cikin akwatin, ƙanana kamar kan sarkin wasiƙa, in na buɗe zan ga nawa uku in yage su in sa a jaka. Mai ɗab'i ya san yadda zai yi da su. Na tashi na laluba, na ja wani ɗan maɓalli sama, bayan kyamarar ya buɗe.

"Ke Marubuciya! Kayan mutane!"

"Anti, ki duba mini hanya kawai."

Babu fuskar kowa. Wata leda ce doguwa mai ruwan ƙasa. Na ce ko duhu ne ya hana ni gani, sai na jawo ta, na yi ta jawowa, na ɗaga ta saitin ƙofa inda rana ke shigowa, ina bi a hankali ina neman mayafi ruwan toka. Babu komai. Na ƙara tabbata cewa mutumin nan akwai wata dabara a wurinsa. Na cusa ledar yadda ta samu, na danne murfin, na koma kujera na zauna.

Ya shigo da carbi a hannu. Kallo ɗaya ya yi wa kyamarar ya tsaya, don bakin ledar ya leƙo ta gefen murfi. Bai yi tsawa ba. Ya nemi benci ya zauna.

"Malama, ke kika buɗe?"

"Nawa nake nema. Kuma babu komai a ciki, sai ka gaya mini inda ka kai su."

"Suna ciki," ya ce a hankali. "Dā suna ciki. Ba a ganinsu sai an wanke a duhu. In haske ya taɓa su kafin nan, ya cinye su. Naki da na kowa."

Ya shiga lissafo su da yatsa, ba don ni ba, don kansa. Maniyyata daga Buji da suka zo ɗaukar na fasfo. Wasu malamai biyu masu neman ƙarin girma. Wata tsohuwa daga Aujara da ɗanta ya kawo asibiti, ya biyo da ita nan a hanyar komawa, ya ce tunda aka haife ta ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba.

Kunya ta kama ni, amma na ƙi sakin zargina, don shi kaɗai ya rage mini. Na nuna ƙofa.

"To waccan fa ta cikin gilashi? Ita ma haka ka ce mata a ja mayafi baya?"

Ya dube ni, ya fita ya ciro hoton ya miƙo mini ta baya. Tambarin masu wankin fim na Kano ne a jiki, da rubutun talla. Ya ce duk mai kai musu aiki sai sun ba shi irinsa don ya nuna kyan kalarsu, ko a Haɗeja na je zan gan ta a gilashi.

"Ba 'yar kowa ba ce a garin nan, ba matar kowa ba. Shi ya sa na bar ta. 'Yan matan da na cire kuwa, kowacce ita ta roƙa a sa ta."

Anti ta rufe baki da gefen mayafi, ban sani ba dariya take ko salati. Ni kuka na fashe da shi, kwalli ya zubo har haɓa.

Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ɗauko sabon fim ya saka, ya miƙa wa Anti buta.

"Hajiya, ta wanke fuska. Ƙarshen wata aka ce mata, ko ba haka ba?"

Na koma kujerar. Wannan karon da ya ce a ja mayafi baya, ni na ja da hannuna. Sau uku ya sake ɗauka, na ƙirga.

Bayan kwana goma aka kawo. Ya ba ni hotuna uku da guntun fim ɗinsu a naɗe cikin takarda, ya ce in ƙirga da kyau. Idanuna sun kumbura a duka ukun. Wanda ya fi dama shi aka buga a bayan littafin, kuma masu karatu sun yi ta rubuto mini cewa daga ganin idona an san na ɗanɗani soyayya. Yaya bai san da littafin ba sai bayan shekara biyu, lokacin na yi aure, kuma a hannun Anti ya gan shi.

Abin da ban gani da idona ba, Anti ce ta jiyo. Mai hoton ya rufe shago kusan mako guda, ya ɗaure kyamara da shuɗin labulen a bayan babur, yana bin ƙauyukan Buji yana neman maniyyatan ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya je cewa yake fim ne ya lalace a hannunsa. Da ya isa Aujara ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, tsohuwar ta rasu kwana huɗu kafin zuwansa. Ɗanta ya ce babu komai, haka Allah ya so. Ni dai ban taɓa iya faɗa wa kaina babu komai ba.

Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, shagon ya koma na mai cajin waya. Na daɗe ban san inda mai hoton ya shiga ba, sai wata ranar kasuwa a Shuwarin na hango allon gilashin nan kwance a kan tebur, an mai da shi murfin tiren dabino. Mai hoton ne zaune a bayansa, gemu ya yi fari fat, ido ɗaya ya yi yana. Na gaishe shi na ce a auna mini mudu. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallona.

"Malama mai littafin lissafi," ya ce. Ya ɗage gilashin ya turo mini tiren. "Buɗe ki duba har ƙasa. Wannan haske ba ya ɓata shi."