Gwangwanin da Ke Shanye Ƙarar Gita

Yayana makaɗin gita ne, ni kuma malamar firamare, ɗakina da nasa bango ɗaya ya raba. Wanda ya san gidajen ƙasa na Umdurman ya san me hakan ke nufi. Yana da wata tsohuwar amfilifaya, baƙa, mai nauyin buhun dawa, da wasu kwalabe a bayanta masu yin ja idan sun ɗau zafi. Da ita yake bin mawaƙa gidajen biki. Tun da sojoji suka hau mulki, biki ya zama sai da izini, a tashi da wuri, aikin ya ja baya, sai ya mayar da haushinsa kan kunnuwanmu.

A unguwarmu wuta ba ta zuwa sai bayan abincin rana, daidai lokacin da duk mai hankali ya miƙe a gado. Ina dawowa daga makaranta kaina na sarawa da surutun yara, in kwanta, sai in ji ƙasar bango na zubo mini a fuska. Na roƙe shi ya rage. Ya ce ba ya yiwuwa, wai muryar abin ba ta buɗewa sai an murɗa ta ƙarshe kwalaben sun gasu, in an rage sai ta koma kukan sauro. Na ce ni kukan sauron nake so. Ya dube ni kamar na zagi kakanmu.

Inna kaɗai ce ba ta taɓa cewa uffan ba. Kunnenta ya yi nauyi tun zaman Jazira, inda ta ƙare ƙuruciyarta tana tsinkar auduga, don haka na ɗauka ba ta ji ne. Ga shi kuma Yaya ɗan fari ne. Inna irin matan da ne, ba ta kiran sunansa, ba ta shiga ɗakinsa, ba ta tambayar inda ya tafi. In ta kama dole sai ta ce “wancan”. Iyayenta sun taho da wannan kunyar tun daga ƙasar Hausa, ta haye Nilu da ita, ta ƙi ajiyewa. A shekarun nan kuwa ana kasha, wato a tare motar haya a sauke samari a wuce da su aikin soja, daga nan sai fagen yaƙi a kudu. Kowace uwa a layinmu tana leƙen ƙofa da rana tana kiran sunan ɗanta. Inna tana kwance a rumfa, fuskarta na kallon bango.

Maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan kwamitin unguwa, shi ya fara gajiya. Ya yi sallama ya ce wa Yaya in ya sake jin wannan tsawar da rana, za a zo a ɗauke kayan, kuma ba ya jin za a bar mai kayan a baya. Ni dai raina ya yi fari, ban ma ɓoye ba. Yaya ya fara dabaru. Ya lulluɓe ta da bargona, ba nasa ba, bargon ya dawo da ƙauri. Ya cusa ta ƙarƙashin gado, gadon ya riƙa rawa. Ya juya ta ga bango, bangon nan kuwa nawa ne.

Daga baya ya kwana biyu yana zarya Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai, wajen wani abokinsa mai gyaran rediyo, ya dawo da gwangwanin biskit an huhhuda masa murfi. A ciki an nannaɗe wayar hita, irin wadda muke dafa shayi a kai. Ya zaunar da ni ya yi mini lacca, ni da ban tambaya ba. Wai za a sa gwangwanin tsakanin amfilifaya da lasifika, a murɗa ƙara har ƙarshe yadda kwalaben ke so, wayar ta shanye yawancin ƙarfin ta mai da shi zafi, ɗan abin da ya rage ya fita a matsayin kiɗa. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in zare wayar yana kaɗawa, amfilifayar za ta ƙone. Na ji daɗin sanin hakan, na adana shi a raina.

Abin ya yi aiki. Yaya na ta ƙorafi wai zaƙin ya ragu, ni kuwa na yi barcin da na manta ana yin irinsa. Dattijon kwamiti har gaishe mu ya koma yi.

Sai Inna ta hana ni sakat. Ta daina kwanciyar rana. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa, tsintsiyar kullum tana ƙarewa a ƙofar Yaya, ba ta ɗaga labule. Ta tashe ni wai in duba ko akuya ta shiga wancan ɗakin, mu da ba mu da akuya. Ta aike ni neman almakashi a can, ta aike ni neman murfin tukunya. Na gudu daga gita na faɗa hannun Inna, na rasa wanne ya fi.

Wata rana na farka ban gan ta ba. Wata maƙwabciya ta shigo ta ce an yi kasha a kasuwar Suk al-Shabi da hantsi, ta faɗa wa Inna, Inna ta yafa mayafi ta fita. Na same ta a tashar mota, cikin rana mai narka kwalta, tana duban fuskar duk wanda ya sauko. Na tambaye ta me take yi a nan, ta ce iska take sha. Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce mata Yaya yana ɗaki tun azahar, yana kaɗa gitarsa. Ta gyara mayafi.

“Ai ban ji ba,” ta ce. “Da can ina ji a ƙafar gado.”

Muka taho gida. Na ɗaga labulen Yaya na zazzage masa duka, shi da gwangwaninsa da kwamitin da sojojin. Na ce uwa tana da baki, ɗa yana da ƙafa, taku kaɗan ne tsakaninsu, amma sai an kashe ni da aike. Ya ce shi ba zai iya zuwa ya tsaya a kanta kullum ba, kunya za ta hana ta ɗago kai. Ƙarar kuma ba ta dawowa, dattijo na nan da kunnensa.

Washegari ya sayo doguwar waya, ya zura ta taga, ya kai gwangwanin rumfa ya ajiye a gefen gadon Inna. Bai ce mata komai ba, ni ya ce wa, da ƙarfi don ta ji, wai gwangwanin na dumama masa ɗaki. Da ya fara kaɗawa Inna ta miƙa hannu ta taɓa murfin, ta janye da sauri. Ta tashi ta ɗauko jabanarta, tulun kofin nan na ƙasa, ta ɗora a kai. Tun daga ranar ta koma barcin rana, hannunta ɗaya kusa da gwangwanin. In wuta ta ƙi zuwa, aiken almakashi ya dawo kaina.

Kashar ta yi tsanani, aka ɗauke ɗan maƙwabciyar nan, Yaya ya bi motar Libya. Amfilifayar ta yi masa nauyi, ya bar ta a ɗaki. Na samu shirun da na yi ta faɗa a kai, kuma ban taɓa ƙin wani abu kamarsa ba.

Inna ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi ko ya isa ba. Bayan abincin rana sai ta ɗora jabana a kan gwangwanin, ta kwanta, ta juya ga bango. Can sai in ji muryarta.

“Ke, kofin nan ya huce.”

Sai in tashi in hura gawayi.