Alhaji Musaddiƙ, Shugaban da Masu Burodi Suka Tsige

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah ya karɓi ran Alhaji Musaddiƙ Maiburodi a Kazaure, bayan doguwar jinyar hawan jini. Ni Gloria Michael, mai ƙaramin gidan burodi a garin nan, ina cikin waɗanda suka yi rashin uba.

Baba, kana shugabancin ƙungiyar masu gidajen burodi na zo neman shiga sana'ar, bayan rasuwar mijina. Manyan ƙungiya suka ce gari ya cika, ba a buƙatar sabon gida. Kai ka zo da kanka ka duba tandata, ka gyara mini kwaɓi, ka ce, "'Yata, ki gasa mai kyau. Mai saye ne zai zaɓa, ba mu ba."

Da fulawa ta yi tsada, aka kira taro. Aka ce kowa ya rage girman burodi, a tsayar da farashi ɗaya daga Kazaure har Roni da Gwiwa, wanda ya karya kuma a hana shi fulawa. Ka miƙe ka ce, "Dokar ƙasa ta hana 'yan kasuwa haɗa baki a kan mai saye. Ko ba doka, ni ba zan tauye abincin 'ya'yan mutane ba."

A taron suka tsige ka. Dillalan fulawa suka daina sayar maka, aka gargaɗi masu shayi kada su ɗauki burodinka. Ka kai ƙara hukumar da ke kula da gasar kasuwanci, aka ce ana bincike. Sai ka koma aikawa Kano a sayo maka fulawa, har ƙarfinka ya ƙare. Tandar da ka fi shekara talatin kana hurawa ta mutu, ma'aikatanka suka watse.

Na je duba ka a asibiti, ban iya riƙe hawaye ba. Ka ce, "Bar kuka. Ke dai kada ki rufe naki gidan burodin."

Har aka binne ka, ba a saurari ƙararka ba. Waɗanda suka tsige ka suna sahun gaba a jana'iza.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya Dela da 'ya'yanka, Jalaluddeen da Sadiyya. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya bi masa hakkinsa. Amin.