Ranar da Kaka Ta Durƙusa Saboda Madam

Duk lokacin da ƙanshin man kaɗe ya bugi hancina, sai zuciyata ta koma unguwarmu ta Gumbihini, farkon damina, ina yarinya da ƙwarya a ka.

Lokacin kaɗanya mu 'yan mata kan bi iyayenmu tsinta tun da asuba, raɓa tana jiƙa mana zane. Kafin mu dawo an daɗe da kaɗa ƙararrawar makaranta, bulala na jiranmu. Shi ya sa da yawa suka daina zuwa makaranta.

Sai aka kawo mana sabuwar shugaba, Kirista daga kudu, doguwa mai taushin murya. Madam muke ce mata. A idona babu macen da ta kai ta kyau, har tafiyarta nake kwaikwaya a bayan ɗaki. Da ta gane halin da muke ciki, sai ta jinkirta ƙararrawar safe har kaɗanya ta ƙare, muna rama karatun bayan azahar. Da Hausarta ta kasuwa take cewa, "Yarinya ya taimaki mamansa, ni ba na duka shi."

Wasu iyaye maza, har da babana, suka ce ta mayar da doka wasa, suka kai ƙara ofishin ilimi. Aka ce za a sauke ta, a tura ta wani ƙauye mai nisa.

Ranar da jami'in ilimi ya zo, wani saurayi ɗan ƙabilar Dagomba, aka sa masa kujera a gindin mangwaro, masu ƙara na tsaye a gefe. Sai ga kakata, mahaifiyar babana, tana dogara sanda. Ta jingine ta, ta durƙusa a gabansa. A wajenmu yaro ba ya zama a kujera tsohuwa na durƙushe. Nan take ya sauko ya tsuguna.

"Mma, don Allah ki tashi."

"Gwiwata ce, ɗana, ba taka ba. Leƙa ajin nan ka ga 'yan matan da suka dawo."

"Zan leƙa, Mma. Ki tashi tukuna."

"In Madam ta zauna, na tashi."

Babana ya dubi mahaifiyarsa a ƙasa. Shi ma ya durƙusa, sauran suka bi shi. Can ya ce a hankali, "Na janye, Mma." Madam na tsaye a bakin aji tana share ido da gefen mayafinta. A makarantar ta yi ritaya.

Yanzu 'yata na karatu a unguwar Vittin. Shugabanni na zuwa suna tafiya, ba mu ko riƙe fuskokinsu. In ranmu ya ɓaci, a waya muke zuba ƙorafi, kowa daga ɗakinsa. Kwanan nan na ji za a ɗauke malamar da ta koya wa 'yata karatu. Jiya na gwada durƙusawa a tsakar gida, na ga gwiwata lafiya lau take.